Matan da Aka Ce Mazansu Sun Hana Su Karatu

An yi wa matan unguwarmu ƙarya a takarda, kuma da hannuna aka rubuta ta. An ce mazansu ne suka cire su daga ajin yaƙi da jahilci. A kan wannan magana aka tashi rufe ajin, ajin da ni kaina na koyi riƙon alƙalami a cikinsa ina da jikoki. Ban yafe wa takardar ba, ban kuma gama yafe wa kaina ba.

Ni 'yar Gadarif ce, a nan aka binne cibiyata. Kakannina sun taso daga yamma da niyyar Makka, ƙafa ta gaji a nan, suka kama noma, mu kuma muka tashi muka tarar da kanmu 'yan gari. Sana'ata fura, wadda Larabawan gari ke kira godo-godo, ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Na shiga aji na haura arba'in da biyar, bayan rasuwar maigidana. Ɗaki guda ne a makarantar 'yan mata ta unguwa. Da la'asar, in yara sun tashi, mu shiga mu zauna a bencinsu, gwiwoyinmu na dukan tebur. Wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin malamarmu, wadda muke kira Ustaza, da alli da littattafai. Shekara huɗu ina zuwa, ruwa da rana, har hannuna ya faɗa, Ustaza ta fara ba ni allo in yi wa sababbi rubutu.

Ajin yana da ciwo guda, kowa ya san shi. Ana buɗe shi cikin damina, ɗaki ya cika har wasu a ƙasa. Kafin sanyi ya shigo sai ka ga benci ya yi fayau. Dokar ƙungiya kuwa, wadda ta yi mako uku a jere ba ta zo ba, a ja layi a kan sunanta a daftari, sai kuma wata shekara. Wata shekarar ma haka. Ƙungiya ta gaji, ta ce sai ta san dalili, ta turo wata malamar jami'a ta bincika.

Daktora muke ce mata. Yarinya ce a kaina, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba, siririya, da tabarau, 'yar Khartum. Ba ta jin Hausa ko ta sannu. Tana neman macen da ke jin Hausa, ta kuma iya rubuta Larabci, Ustaza ta nuna ni. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Tun da nake, an nemi furata, an nemi hannuna a wankan jego da wankan gawa, amma ba a taɓa neman rubutuna ba. Sabon tob, babban mayafin matan nan, na ɗaura ranar farko, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Kuma kada a ce na tsane ta. Yarinyar tana da ladabi, Khala take ce mini, wato Inna, tana cire takalmi kafin ta hau tabarma, ba ta taɓa yamutsa fuska a kan ruwan randar kowa ba. Ita ce ma ta koya mini abin da na zo na yaƙe ta da shi. Muna cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, ranar farko ta juyo ta ce:

"Khala, kin san abin da ake kira nazariyya?"

Na ce, "Ban san ta ba, amma daga jin sunan ba a unguwarmu take kwana ba."

Ta yi dariya ta ce abin ba wuya. Ka ga wani abu yana ta maimaita kansa a cikin mutane, sai ka yi zaton dalilinsa, ka ɗaure zaton nan da kyau yadda kowa zai gane. Wannan ita ce nazariyya. Amma ba ta zama ilimi sai an gwada ta. Ta ce, "Kuma in za ki gwada, ba inda za ta ci ake kai ta ba. Inda za ta iya faɗuwa ake kai ta. Ki faɗa tun kafin ki duba: in na ga kaza, to na yi kuskure."

Na ce, "Ashe tulu ne. In na sayi tulu ba zanen jikinsa nake kallo ba, ruwa nake cika shi da shi in ajiye, in ga ko ƙasa za ta jiƙe."

Ta ce, "Tamam, Khala. Da kin yi karatu da wuri da kin ƙwace mini aiki."

Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Nazariyyarta ita ce mazan Hausawa ba sa son matansu su fita, balle su yi karatu su fi su. Ta karanta haka a littattafai da yawa, akasarinsu a kan garuruwan da kakanninmu suka baro tun kafin a haifi uwata. Ta karɓi daftarin Ustaza, ta kwafe sunayen da aka ja wa layi, muka shiga bin su gida-gida. Lokacin sanyi ne, an gama kaka, kowa yana gida. A hannuna akwai takardar tambayoyi, kowace mace da tata. Babbar tambaya: me ya sa kika bar aji? A ƙarƙashinta akwatuna huɗu. Maigida ya hana. Nisa. Rashin lafiya. Ba ta da sha'awa. Can ƙasa wani ɗan layi na "wani dalili", wanda ko sunan unguwarmu ba zai ɗauka ba. Ta gargaɗe ni tun farko: "Abin da suka faɗa za ki faɗa mini. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Gidan farko na wata yarinya ce da muka taɓa zama benci ɗaya, mai kaifin kai, ta riga kowa haɗa baƙi. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumfa, aka ɗora jabana, wato gahawa, uwar mijinta ta jawo kujera ta zauna a gefe tana tsince wake, maƙwabta biyu suka leƙo ta saman zana wai aron rariya. Na yi tambayar. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma, ta ce:

"Maigida ne bai so ba."

Uwar mijin ta gyaɗa kai, ranta fari. Na juya maganar zuwa Larabci. Daktora ta gyaɗa nata kan. Na sa alama a akwatin farko.

Ina sa alamar ina kallon hannun yarinyar. Tafin ya yi kanta, gefen yatsun ya tsattsage ya yi baƙi. Na san hannun nan, na taɓa ɗaukar irinsa shekara uku bayan an bar ni da marayu. Hannun yankan riɗi ne. Na kuma san ranar da ta tafi Simsim, yankin manyan gonaki, domin ta gaban rumfata suka wuce, mijin nata ne ɗauke da ƙunshin kayanta a ka, shi ya ɗora ta a lori.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba sai an yi masa bayanin riɗi. Dawa tana jira, ka bar ta a tsaye ka je ka dawo. Riɗi ba ya jiran kowa. In ya nuna, 'yan kwanaki ne, kwansonsa ya buɗe baki, ƙwaya ta zube cikin tsagar baƙar ƙasa, shi ke nan an yi noman banza. Manyan gonakin Simsim tarakta ke nome su, amma yanka sai hannu da lauje. Saboda haka idan lokacin ya zo masu gona har ƙofar gida suke turo mota. Abin da mace za ta samu a 'yan makonnin nan shi ke riƙe tukunyarta har a kai ga rani. Wadda ke da rumfa irina tana iya zama a aji. Wadda ba ta da ita, allo zai jira.

To me ya hana ta faɗa? A wurinmu mace ba ta cewa a gaban baƙo ta je ƙwadago gonar wani. Faɗin haka daidai yake da ta ɗaga murfin rumbun mijinta ta ce jama'a ku leƙa, babu komai. Ga kuma sunan da ake kiran 'yan ƙwadagon kaka da shi, jungo, masu yawo daga gona zuwa gona ba gida ba iyali. Ba matar auren da ke so a haɗa ta da sunan nan a gaban surukarta. Amma in ta ce maigida bai so ba, ta rufa masa asiri, ta kuma ɗaga shi, ya zama namiji mai faɗa a ji. Da wannan magana muke ƙin ba da aron turmi. Da ita muke ƙin zuwa bikin da ba mu da zanen sawa. Akwai mazan da suka shekara suna hana abubuwan da ba su ma san an tambaya ba. Mu duka mun san haka, in wata ta faɗa sai mu ce to Allah ya kyauta, mu wuce, ba mai ɗauka da nauyi.

Daktora ta ɗauka da nauyi. Gida bayan gida, akwatin farko yana cika, fuskarta tana haske. Har muka zo gidan maƙwabciyata, katanga ɗaya ke tsakaninmu, wadda mijinta ya rasu tun kafin nawa. Na ce a raina yau zan ga inda za ta samo maigida. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ƙanin marigayi ne bai so ba."

Na dube ta, ta dube ni. Ƙanin marigayin nan yana Mafaza yana kiwon awaki, rabonsa da gidan tun sadakar arba'in. Na faɗa wa Daktora abin da ta ce, na tambaya wane akwati. Ta ce, "Na farko. Duk ikon namiji ne."

Sau ɗaya na gwada. Muna tafe a hanya na ce, "Daktora, riɗi fa?"

Ta ce, "Wata ta ce miki riɗi?"

"Ba wadda ta ce."

"To Khala, abin da suka faɗa muke rubutawa. In na fara rubuta abin da ke kike zato, ai ba bincike ke nan ba."

Na ce wa kaina ita ta yi karatu. Na ce wa kaina ba ni zan tona asirin gidajen mutane ba. Gaskiyar da ta fi waɗannan ita ce ina jin daɗin jaka a kafaɗa da alƙalami a hannu, ina jin daɗin yadda ake cewa ga Hajja da baƙuwarta, ban so abin ya ƙare da gardama.

Akwai kuma wani abu da ya ɗaure mini baki. Ni da gaske an hana ni. Maigidana tela ne a kasuwa, mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Sau biyu na roƙe shi in shiga aji, sau biyu yana cewa, "Me za ki karanta wanda ban karanta miki ba?" Haka na zauna har Allah ya karɓi abinsa. Da na ba Daktora labarin nan sai da ta tsaya a tsakiyar hanya ta rubuta. Na zama hujjarta mafi ƙarfi, ina tafe a gefenta da ƙafafuna. Ta yaya zan ce mata babu mazan da ke hanawa, alhali na kwana shekara ashirin da wani abu a ɗakin ɗaya daga cikinsu?

Ta tattara takardunta ta tafi. Rani ya wuce, damina ta zo, aka buɗe aji, ya cika. Riɗi ya nuna, ajin ya fara zubewa. A daidai makon nan aka kira taro a ɗakin ajinmu bayan la'asar, wai Daktora za ta faɗi abin da ta gano. Ga ta, ga wakilin ƙungiya da takardu a gabansa, ga dattawan kwamitin unguwa da shugabansu, wani Alhaji mai shagon hatsi, ga Ustaza, ga ni, ga mata 'yan kaɗan irina masu abin yi a gari. Waɗanda ake maganar a kansu ba ko ɗaya. Motoci sun kwashe su tun ranar Asabar. Ba wanda ya kalli bencin ya tambayi ina suke.

Daktora ta yi bayani mai tsabta. Ta ce ta zo da zato, ta gwada shi a bakin matan da kansu, ya tabbata. Wakilin ƙungiya ya ɗora: tunda matsalar daga maza take, ba amfanin zuba ƙarfi a ajin da ake kwashe masa mata. Za a dakatar da ajin, a koma wayar da kan mazaje na shekara guda, sannan a duba. Na kalli dattawan. Ransu ya ɗan sosu da aka ce suna hana ilimi, amma wallahi na ga wasu suna gyara zaman rawani. An ce su ke da iko a gidajensu, a gaban baƙi, da Larabcin jami'a.

Shekara guda. Na san abin da shekara guda ke nufi. Ustaza za ta nemi wani aikin, makaranta ta mai da ɗakin ma'ajiyar karyayyun kujeru, yarinyar nan mai kaifin kai ta haifi na uku ta manta baƙin da ta haɗa. Na tashi tsaye.

"Daktora, ina da tambaya."

"Bismillah, Khala."

"Mazan nan da ke hanawa, me ya sa duk wata ɗaya suke hanawa? Cikin damina sun yarda, ana shiga kaka sai su tuna su maza ne?"

Ta ce lokacin kaka aiki yana yawa, miji yana son matarsa a gida ta yi girki.

"To waɗanda mazansu suka mutu fa? Su ke fara ɓacewa. Maƙwabciyata wa take dafa wa?"

Ta ce ta yi bayanin wannan a rahoto, ikon namiji ba ya ƙarewa da mutuwar miji, yana komawa hannun ɗan'uwa ko ɗa.

Na ce, "Mai miji ta tafi, kin ce miji. Marar miji ta tafi, kin ce ƙanin miji. Da marar kowa ce, ki ce limamin unguwa. To ki faɗa mini, wace mace ce za ta shigo ta ƙofar nan ki ganta ki ce kin yi kuskure? Ke kika ce mini a cikin raksha sai an kai nazariyya inda za ta faɗi. Taki ko ina aka kai ta sai ta samu wurin zama. Tulunki ba ki taɓa zuba masa ruwa ba."

Alhaji ya ce, "Hajja, zauna mana. Baƙuwa ce."

"Ban gama ba, Alhaji. Matan nan suna Simsim suna yankan riɗi. Bara can suke, bana can suke. In sun dawo su tarar an ja musu layi."

Na faɗi abin da ba a faɗa, a gaban waɗanda ba a faɗa wa. Alhaji ya ɗaure fuska ya ce, "Matanmu ba jungo ba ne."

Na ce, "Ina matar ɗanka tun ranar Asabar?"

"Ta je ganin dangi a Shuwak."

"Da lauje?"

Wata daga baya ta tuntsire da dariya ta toshe baki da gefen tob. Alhaji bai sake kallon inda nake ba. Na san na sayi fushin da zai daɗe, a shagonsa nake auno gero.

Na ƙara da abin da sai a ɗakin nan ya faɗo mini. Na ce, "Ni an hana ni, kin rubuta. To shekarun da aka hana ni, sunana yana cikin daftarin Ustaza? Wadda aka hana da gaske ba ta taɓa taka ƙofar nan ba, balle a rubuta ta, balle a ja mata layi. Ke kuwa daga daftari kika kwafo waɗanda za ki tambaya. Kin je neman waɗanda aka hana a cikin waɗanda aka bari."

Daktora ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. Na ga maganar ta shige ta. Amma yarinyar ba raguwa ba ce, ta mayar da tabaran ta dube ni ido cikin ido.

"Khala, ke ma nazariyya kika kawo. Ina gwajinta? Ni ina da takardu, kowacce da amsar mace daga bakinta, kowacce da alamar hannunki. Ke kina da abin da kika sani. Na tambaye ki ko wata ta ce riɗi, kika ce babu. In abin da kika sani gaskiya ne, me ya sa kika bar ni wata biyu ina rubuta wani abu?"

Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ranar, wannan ne ya fi yi mini ciwo, domin ba inda zan kama shi in ce ƙarya ne.

Wakilin ƙungiya ya duba agogo ya ce shi ba alƙali ba ne. Nan da kwana goma zai aika da shawarar ga manyansa. In kafin nan an kawo masa wani abu a rubuce, zai haɗa. In ba a kawo ba, abin da ke hannunsa zai tura.

Aka watse. Ni da Ustaza muka zauna a ɗakin, rana ta yi sanyi, ta buɗe daftarin shekaru uku. Muka bi layukan da aka ja, muna duba ranar da kowacce ta fara fashi. Sun taru a wuri ɗaya kamar tururuwa a kan sukari, makonnin riɗi. Na ji daɗi, har na fara cewa ai shi ke nan.

Ustaza ta sa yatsa a kan wani suna. "Wannan fa? Tsakiyar damina ta daina."

Na san ta, na san mijinta. Shi kam ya hana, har ƙofar makaranta ya zo ya tsaya. Akwai wata kuma da ta ɓace tun ba a yi nisa ba, ban san dalilinta ba ko kaɗan.

Na ce, "Bar su. Biyu ne kawai."

Ta ce, "Hajja, ɗazu wa kike wa faɗa a kan tulu?"

Na yi tsaki, amma na rubuta su, a saman shafi ma, inda ba wanda zai ce na ɓoye.

Sannan na yagi takarda biyu daga littafina, na rubuta abu ɗaya a kowacce, matan nan biyu a sama, da hannun nan da ya cika akwatin farko. Na ce zatona shi ne riɗi ke kwashe matan ajinmu. Zan je Simsim da sunayen waɗanda suka daina zuwa bana. In ban same su a gona ba, in suna gida suna girki, Daktora ta yi gaskiya, ni na yi kuskure. In na same su, ba zan tambaye su me ya sa suka bar aji ba, tambayar nan ita ke jawo maigida. Zan tambaye su wane wata ne za su iya zama a benci. In suka ce ko an buɗe bayan kaka ba za su zo ba, nan ma na yi kuskure. Kuma ba sunan wadda zai fita daga hannuna zuwa hannun kowa, adadi kawai. A gona ba suruka, ba maƙwabta a saman zana, kowa da laujenta a hannu, ba wadda za ta ji kunyar wata. Ustaza ta karanta ta sa hannu a ƙasa, ta zama shaida cewa na rubuta tun kafin in gani.

Da safe bayan na idar da salla na damƙa wa 'yata rumfar fura, na ce ta sayi gero a wani shagon. Na ɗaura tsohon zanen da nake zuwa gona da shi, na sa littafi da alƙaluma biyu a jaka, na ɗauki gorar ruwa. Na bi ta masaukin Daktora. Ta fito da kofin shayi a hannu, na miƙa mata takarda ɗaya. Ta karanta a tsaye har ƙasa, ta sake komawa sama wurin sunaye biyun da na rufe da tawada na bar bayaninsu.

Ta ce, "In ba ki same su ba fa, Khala?"

Na ce, "In dawo in faɗa da bakina a gaban Alhaji. Ki riƙe wannan, kada in dawo in ce ba haka na ce ba."

Ta ninke takardar ta sa a cikin littafinta. Na ce mata motar Simsim tana tashi daga bayan kasuwar hatsi kafin rana ta yi zafi, in tana so ta ga inda amsoshinta suke kwana, wuri ba ya ƙarewa a bayan lori. Ban tsaya jin abin da za ta ce ba. Na isa tasha ana ɗora jarkokin ruwa, na kama ƙarfen motar, na sa ƙafa a kan taya, wasu mata biyu suka jawo ni sama, na zauna a kan buhu na rungume jakata.